.357 Magnum ko .44 Magnum: wanne za a ɗura wa doguwar bindiga mai cin harsashi ɗaya?

Ɗan'uwanmu mazaunin jihar Ohayo ta Amurka ya ce yana da libarba, ya fara koyon ɗura harsashi da hannunsa, wato zuba albarushi a kwanso a ɗora ƙwaya, yanzu kuma yana son sayen doguwar bindiga irin wadda ake karyawa a saka harsashi ɗaya, don harbin takarda da farautar barewa lokacin kaka. Tambayarsa ita ce: ya ɗauki mai cin .357 Magnum ko mai cin .44 Magnum, kuma ɗurin da yake yi wa libarba zai yi wa doguwar?

Malam, amsata a taƙaice ita ce .357, in dai barewar da za ka harba ba za ta wuce maka yadi 100 ba. Amma bari in jera maka su ka gani da idonka, domin akwai wurin da .44 ya fi shi nesa ba kusa ba.

Su biyun 'yan gida ɗaya ne. Kamfanin Smith & Wesson da Winchester suka fito da .357 Magnum a 1935, ta hanyar ƙara wa kwanson .38 Special tsawo. Bayan shekara ashirin aka maimaita wannan dabara da .44 Special, Remington ya yi harsashin, Smith & Wesson ya yi libarbar, aka samu .44 Magnum. Elmer Keith, makiyayin nan na Idaho da ya shahara da rubutu a kan bindigogi, yana da hannu a duka biyun. Tsawon kwansonsu kusan ɗaya ne, inci 1.29, matsin da ƙungiyar masu ƙera makamai ta SAAMI ta yarda da shi ma kusan ɗaya ne, 35,000 psi ga .357, 36,000 ga .44. Bambancin yana faɗi da nauyin ƙwayar. Wadda aka fi amfani da ita a .357 giren 158 ce, wajen giram 10 ke nan, ta .44 kuwa giren 240, giram 15 da rabi.

Abin da ya sa mutane ke sha'awar saka su a doguwar bindiga shi ne ribar gudu. Libarba na da ɗan rata tsakanin ganga mai juyawa da bututu, iskar albarushi na tserewa ta nan, ga bututun gajere, inci huɗu ko shida. Doguwar bindiga ba ta da wannan ratan, bututunta kuma ya kai inci 20 zuwa 22. Ƙwaya mai giren 158 da ke fita daga libarba da gudun ƙafa 1,250 a daƙiƙa, a doguwa takan kai 1,750 zuwa 1,800. Ta .44 mai giren 240 takan tashi daga wajen 1,300 ta koma wajen 1,750. Ka lura da abu ɗaya: a doguwar bindiga gudunsu ya zo daidai, don haka yadda suke lanƙwasowa ƙasa a hanya ma kusan ɗaya ne. In ka saita su a yadi 100, kafin yadi 150 dukansu sun faɗi da inci da dama. Wanda ya sayi .44 da tunanin zai ƙara masa nisa bai sayi nisa ba, nauyin duka ya saya. Wannan nauyin kuwa gaskiya ne, ƙarfinsa a bakin bututu ya fi na .357 da kashi 40 cikin ɗari ko sama, ramin da yake hudawa ya fi faɗi, jini ya fi zuba, bin sawu ya fi sauƙi in dabbar ta ruga cikin duhuwa. Masu farautar aladen daji a Tekzas da masu bin beyar suna da hujjarsu ta riƙe shi. Mu dai ba ruwanmu da alade, barewar Ohayo kuma ba ta da kaurin fata irin nasa.

Kafaɗa ma na da bakin magana. Waɗannan bindigogin ba su da nauyi, yawanci laba shida zuwa bakwai. Da .357 za ka wuni kana harbi, yaro ɗan shekara goma sha biyu ma zai iya. Cikakken ɗurin .44 a bindiga mai wannan nauyin yana shuri sosai, ba na karya ƙashi ba, amma bayan harbi talatin za ka fara runtse ido kafin ka ja kunama, kuma wannan ɗabi'ar ita ke ɓata saiti. Aljihu ma haka. Laba ɗaya ta albarushi giren 7,000 ce, tana ba ka cikakken ɗurin .357 sama da 400, na .44 kuwa kusan 300, ga dalmar kowace ƙwaya ta ɗara da rabi.

Yanzu ga inda ya kamata ka tsaya da kyau kafin ka biya kuɗi, wato murɗin da ke cikin bututu. Libarbar .44 tana juya ƙwaya sau ɗaya a cikin inci 18 zuwa 20. Amma shekaru da yawa dogayen bindigogi masu cin .44, irin su tsofaffin Marlin 1894 da Handi-Rifle na H&R, an yi su da murɗi mai sanyi, sau ɗaya a inci 38. Wannan ya ishi ƙwaya mai giren 240, amma da zarar ka hau zuwa giren 300, wadda ta fi tsawo, sai ta fara tangaɗi a iska, wani lokaci ka ga ta huda takarda a kaikaice. An daina ƙera Handi-Rifle tun 2015, amma tana nan birjik a kasuwar 'yan hannu, kuma araharta na jan mutane. Sabbin bindigogi irin na Henry suna zuwa da murɗin inci 20, su ba su da wannan matsalar. Akwai kuma wani abin da ba kowa ya sani ba: ma'aunin SAAMI ya bai wa bututun doguwar .44 faɗin inci .431, na libarba kuwa .429. Ga ƙwaya mai rigar tagulla ba wani abu ba ne. Ga wanda ke harba zallar dalma kuwa, ƙwayar da ta yi wa libarba daidai tana iya yi wa doguwar sako-sako, wuta ta bi ta gefenta ta narkar da ita, dalma ta shafe cikin bututu, saiti ya watse. Maganinsa a tura 'yar dalma mai laushi ta cikin bututun a auna ta, sannan a sayi ƙwaya mai ɗan fin wannan faɗin. Bangaren .357 ba shi da wannan ciwon kan, murɗinsa a libarba da doguwa yawanci yana tsakanin inci 16 da 19, yana riƙe giren 180 lafiya lau.

Sai batun ɗurin kansa, wanda shi ne rabin tambayarka na biyu. Yawancin abin da ka ɗura bisa ƙa'ida don libarba zai tashi a doguwar, amma ba kowanne ne zai ba ka ribar bututun ba. Albarushi mai saurin ci, irin Unique ko Titegroup, yana gama aikinsa tun ƙwaya ba ta yi nisa ba, ƙarin gudun da za ka samu kaɗan ne. Mai jinkirin ci, irin 2400, IMR 4227, Lil'Gun da H110, shi ke ci gaba da tura ƙwaya har ta kusa fita. H110 da Winchester 296 albarushi ɗaya ne a gwangwani biyu, kuma yana da hali: ba ya son a rage shi ƙasa da abin da littafin ɗuri ya nuna, yana son firaima mai ƙarfi, wato ɗan abin da ke gindin kwanso mai kunna albarushi, yana son a matse bakin kwanso a kan ƙwaya sosai. Nan ne wasu ke kuskure. Sukan ce ai a libarba ana matse baki ne don kada shuri ya zaro ƙwayoyin da ke jira a ganga, tunda wannan harsashi ɗaya take ci, matsewar ba ta da amfani. Gaskiya ne babu na jira, amma matsewar na riƙe ƙwaya na ɗan lokaci har wuta ta kama albarushin gaba ɗaya. Ka bar ta, gudun harbi ɗaya zai bambanta da na gaba da shi, a ranar sanyi irin na Disambar Ohayo kuma abin ya fi muni.

Sassauƙan ɗuri shi ma yana da nasa haɗarin. Ɗan albarushin da ya isa ya fitar da ƙwaya daga bututu mai inci huɗu yana iya gazawa a mai inci 22, musamman da ƙwaya mai rigar tagulla, ta maƙale a ciki. In ka ji ƙarar harbi ta yi rauni, karya bindigar ka leƙa bututun kafin ka saka wani. Wannan na daga cikin daɗin irin wannan bindigar, leƙawa ba ta ɗaukar daƙiƙa biyu. Kuma albarushi mai saurin ci ba ya cika kwanso, musamman na .44 mai faɗin ciki, ana iya zuba shi sau biyu ido bai gani ba. Haska kowane kwanso da tocila kafin ka ɗora ƙwaya.

Wurin da .357 ya fi ba mai ɗuri filin wasa shi ne zaɓin ƙwaya. Bindigogi masu jera harsashi a bututun ƙasa, ɗaya bayan ɗaya, dole sai mai faffaɗan kai, don kada tsinin wani ya daki firaimar na gabansa. Libarba kuma tsawon gangarta ne iyakarka. Mai cin ɗaya ba ta san duk wannan ba. Kana iya saka mai tsini, kana iya barin ƙwayar ta ɗan fito waje ta kusanci inda murɗi ya fara, gwargwadon zurfin maƙogwaron bindigarka, wanda sai ka auna da kanka domin kowace da nata. Har ƙwayoyin da aka yi wa .35 Remington masu faɗin .358 wasu na gwadawa. Sai dai a lura, an yi su ne don su buɗe a gudun da ya fi haka, a gudun .357 sau da yawa hudawa kawai suke yi su wuce. Akasin haka kuma, ƙwaya mai rami a kai mai giren 125, wadda aka yi don gudun libarba, in ta fito daga doguwa da gudun da ya wuce 2,000 tarwatsewa take yi a kafaɗar barewa ba ta shiga ciki ba. Don farauta tsaya a giren 158 mai faffaɗan kai ko giren 180. A .44 wannan damuwar kaɗan ce, giren 240 na da isasshen jiki ko da ta buɗe da wuri.

Za ka ji ana cewa ai waɗannan bindigogin ƙarfafa ne, ana yin su da manyan harsasai, don haka a ƙara albarushi. Kada ka biye musu. Ƙarfen na iya jurewa, kwanson da firaimar ba su canja ba, kuma babban haɗarin yana gidanka: kana da libarba mai cin harsashi iri ɗaya. Ranar da harsashin da ka zafafa ya ɓace ya shiga akwatin libarba, ita ce za ta biya. Ka tsaya a kan lissafin da kamfanonin albarushi da na ƙwaya suka buga, irin su Hodgdon da Hornady da Lyman, yawancinsu suna da sashe na daban don doguwar bindiga. Fara daga ƙasa, hau a hankali, rubuta komai a jikin akwati. In ƙarin ƙarfi kake so da gaske, akwai hanyar da ta fi tsafta, wato .357 Maximum, wanda Remington da Ruger suka fitar a 1983 da kwanso mai inci 1.605. A libarba bai yi ƙarko ba saboda wutarsa na cin ƙarfen da ke saman ganga, amma a masu cin ɗaya irin Contender ya samu gida, maƙera kuma suna zurfafa ɗakin da harsashin .357 Magnum ke zama a bututu ya koma nasa.

Ta fuskar doka, tun 2014 Ohayo ta halatta farautar barewa da doguwar bindiga mai cin harsashi mai miƙaƙƙen kwanso, Indiyana ta riga ta tun 2007, Mishigan da Ayowa ma sun bi, kuma faɗin ƙwaya na inci .357 shi ne mafi ƙanƙanta da Ohayo ta yarda da shi. Duba littafin dokokin farauta na shekarar kafin ka fita, ana yi masa gyara. 'Yan'uwa da ke karantawa daga gida kuma su sani wannan zance na Amurka ne, dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta haramta wa mutum haɗa harsashi a gidansa.

Abu ɗaya da ba ka faɗa mana ba shi ne libarbar taka wane harsashi take ci. In .44 ce, kana da kayan ɗurinta da kwansunanta, to ka sayi doguwar .44 mai murɗin inci 20 ka huta, sayen kayan aiki kashi biyu ba shi da riba. In .357 ce, zance ya ƙare. Sai dai in za ka riƙa harba .38 Special a cikinta don sauƙi, ka goge ɗakin harsashin da buroshi bayan kowane zama, saboda gajeren kwanso na barin zoben datti a gaba, wanda ke hana dogon kwanso shiga daidai ya kuma sa fitar da shi wahala.