Sadin ɗin Maroko ya ci kuɗinsa kuwa?

Gaskiya yayi tsada yanzu, ɗan gwangwani mai giram 125 sai ka tsaya lissafi gaban mai shago kafin kace ya miƙo, amma ni dai har gobe Titus nake saya in za a ci burodi ko a yi miyar taliya. Kifin akwai kitse, baya dagargajewa da ka sa cokali, man ma ba zubarwa ake ba, soya albasa da attaruhu ake dashi.

Kitsen nan fa ba banza ba, daga ruwan da ake kamo shi ne. Gabar Maroko wajen su Safi da Agadir har gangarowa Muritaniya iska ce ke kaɗawa daga arewa tana ture ruwan sama zuwa tsakiyar teku, sai ruwan ƙasa mai sanyi ya taso ya maye gurbin, shi kuma wannan ruwan cike yake da naitiret da fosfet, irin sinadaran takin zamani dai, domin duk abin da ya mutu a teku can ƙasa yake nutsewa ya ruɓe. Yana haɗuwa da hasken rana sai ƙananan tsirran ruwa da ido baya gani su yi ta yaɗuwa suna zuƙe iskar kabon, sadin ya ci su ya ci ƙwarin da ke cin su yayi ɓul-ɓul. Wanda ba a cinye ba, da kashin kifin, su sake nutsewa da kabon ɗin, wani sai yayi ɗaruruwan shekaru a can kafin ruwa ya juyo dashi sama. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kabon ɗin da muke fitarwa teku ke shanyewa, ikon Allah. Ƙurar Sahara ma da muke kuka da ita lokacin hunturu tana kai wa ƙananan tsirran nan sinadarin ƙarfe.

Shi yasa Maroko ta fi kowa fitar da sadin na gwangwani a duniya. Na gwada wasu masu araha da ban ma san daga ina suke ba, wlh rabi mai ne rabi ƙaya, kifin duk ya saki. Ku dinga juya gwangwanin ku duba ƙasar da aka yi shi da ranar lalacewa, wanda ya kumbura ko yayi tsatsa ku barshi a shago ko nawa aka rage muku. Masu hawan jini kuma kar a ƙara gishiri a miyar.