Memorin tatsuniyoyi da na saya wa yara, ga ra'ayina

Salam jama'a, masu tambayata kan memorin nan na tatsuniya da masu tura finafinai a waya ke sayarwa, na karɓa a wani shago a layinmu kuma mun saurara da yara. Kuɗin ba yawa, sauti tas ba hayaniya, mai shagon ma sai da ya gwada min a MP ɗinsa kafin na biya, Allah ya saka masa.

Akwai su Gizo da Ƙoƙi, Ta-kitse, Daskin-da-Riɗi, 'Yar Bora da 'Yar Mowa, Botorami ma yana ciki. Gaskiya na ji daɗi don yawancinsu rabi-rabi na sani, kakarmu ke mana bayan sallar isha kuma kafin ta kai ƙurunƙus rabinmu mun yi barci a tabarma, Ta-kitse dai na san ta narke da kishiyoyi suka sa ta aiki kusa da wuta amma abin da sarki ya yi bayan nan sai yanzu na ji.

To amma fa akwai inda raina bai kwanta ba. Mai bayarwar karantawa yake yi, kana ji ka san takarda ce a gabansa, ya ce ga ta nan ga ta nanku bai ko jira an ce ta zo mu ji ta ba ya zarce. Waƙoƙin ciki kuwa faɗarsu yake kamar labaran rediyo, haba malam! Ni abin da ya zauna min a kai daga tatsuniya ai waƙar ce da amshin da muke yi, da tsamin bakin Gizo, da yadda Iya ke sauke murya ƙasa-ƙasa in dodo ya kusa sai ka ji an matso jikin juna. Labarin ya zube min amma waɗannan suna nan, kuma da su nake auna kowane mai ba da labari har yau, ko a fim ne. Sannan kowacce sai ya tsaya dogon bayanin darasi a ƙarshe, yara har hamma suke.

Duk da haka ku saya wallahi, tauraro 3 cikin 5 na ba shi. Ni yanzu saurara nake ni kaɗai da rana in cike gurbin da na manta, da dare in ba su da bakina, waƙar kuma in rera ta yadda nake iya tunawa su amsa.