Kwas ɗin injiniyancin tsari na Jami'ar New South Wales a Coursera: me yake ƙara wa ma'aikaci?

Wannan kwas na dandalin karatu ta intanet Coursera, mai suna Introduction to Systems Engineering, yana bin rayuwar aiki tun daga tushe: tattara buƙatun mai aiki, zana tsari, ƙerawa, gwaji, amfani da shi, har ranar da za a ajiye shi. Inda ya fi ƙarfi shi ne rubuta buƙatu. Idan aka rubuta "batir ya daɗe", babu gwajin da zai tabbatar da hakan. Amma "ya riƙe lodin kilowat 2 na awa 8" abu ne da za a auna. Rigingimu da yawa tsakanin ɗan kwangila da mai aiki daga nan suke tasowa, kuma mai haɗa sola ko na'urorin sadarwa zai ga amfanin darasin nan take.

Rauninsa kuwa, gabatarwa ce kawai. Ba zai mayar da kai gwani a manhajojin zana tsari irin su Cameo ba, kuma takardar shaidarsa ita kaɗai ba ta cika burge masu ɗaukar ma'aikata ba.

Ribarsa ta fi fitowa idan ka ɗora da jarrabawar INCOSE, ƙungiyar injiniyoyin tsari ta ƙasa da ƙasa, wadda ke ba da takardun shaidar ƙwarewa mataki-mataki. Matakin farko, ASEP, ba ya neman shekarun aiki, sai dai sanin littafin jagorar ƙungiyar, wanda bugunsa na 5 ya fito a 2023. Mataki na gaba kuwa, CSEP, yana buƙatar aƙalla shekara 5 na aikin injiniyancin tsari ga mai digirin da ya dace, tare da masu ba da shaida a kanka.

A sauke bidiyoyin kwas ɗin a manhajar Coursera ta waya lokacin da intanet ke da ƙarfi.