Kamfanin kula da tsofaffi a gida da muka ɗauko wa Hajiya, wata huɗu kenan

Ƴan uwa na Agege da Idi-Araba sun dame ni da tambaya kan kamfanin nan na Ikeja mai turo masu jinya gida, to ga abin da na gani da idona.

Hajiyarmu ciwon mantuwa ke damunta, mu da muna ta cewa rikicin tsufa ne sai da muka kai ta asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba likita ya ce cuta ce, ba ta warkewa, maganin ma sassauci kawai yake kawowa. Ni a Apapa nake aiki, da farko hutun rashin lafiyata na riƙa gutsura kwana ɗaya kwana biyu ina zama da ita, manaja ya kawar da kai har ranar da ya kira ni ofis ya ce Malam kai fa lafiyarka ƙalau. Kuma ban iya musu ba, don dokar ƙwadago kwana 12 ta ba ma'aikaci a shekara da albashinsa, da takardar likita, kuma sai in kai ne a kwance, babu maganar uwa ko uba a ciki. Wallahi abin nan yana ci min rai, wadda ta haife ka ba ta gane hanyar banɗaki amma takarda ta ce ba uzuri ba ne. Hutun shekara ma na cinye shi tas, shi ne muka nemi kamfanin.

Wadda suka fara turowa mai tsafta ce da haƙuri amma ba ta jin Hausa. Hajiya ta yi shekara arba'in tana kasuwanci a Agege, Yarbanci kamar a bakinta aka yanke masa cibiya, yanzu duk ya zube sai Hausar Katsina kaɗai ta rage. Ta ɗauki baiwar Allah nan ɓarauniya, ta ɓoye carbinta da makulli a ƙarƙashin filo, abinci ma in daga hannunta ne ba ta karɓa. Sati biyu muna waya kafin su canza mana, nan kam sun ɓata min rai.

Ta biyun daga Mile 12 take zuwa, Bahaushiya, ita ce ta sa nake wannan rubutu. Kullum dab da magariba Hajiya sai ta yafa mayafi ta kama ƙofa wai za ta gida Inna na jiranta, Innar da ta rasu tun ina firamare. Mu gardama muke yi da ita har ta yi kuka. Ita kuwa sai ta ce to Hajiya motar ba ta cika ba, zo mu yi alwala tukunna, ta ajiye mata faranti da wake ta ce taya ni tsincewa. Kafin a kira salla maganar tafiya ta wuce. Tana rubuta komai a ɗan littafi, lokacin magani, me ta ci, sau nawa ta zagaya, likita ma ya yaba da muka koma.

Kuɗin dai da nauyi, mu uku muke haɗawa, kuma na Asabar da Lahadi daban ne ba su faɗa mana ba sai da bil ya zo, ku tambaya tun farko a rubuce. Ranar da gosulo ya riƙe mai jinyar a Ikorodu Road kuma sai matata ta tsaya. Duk da haka mun sabunta na wata uku, da sharaɗin Bahaushiyar nan za su ci gaba da turo mana.