Tankin gas a karkarar Amurka: saye ko haya?

A karkarar Amurka, inda bututun gas bai kai ba, za ka ga farin tanki kwance a bayan gida. Da gas ɗin cikinsa ake girki, da shi ake ɗumama ɗakuna in sanyi ya kama. Mai galan 500 shi ya fi yawa, amma galan 400 kawai ake ɗura masa, don gas na buƙatar sarari idan zafi ya kumbura shi.

Haya tana da daɗin farawa. Kamfani ya kawo tanki, ya girka, gyara duk a wuyansa. Sai dai fa an ɗaure ka: a jihohi da yawa doka ta hana wani kamfani ɗura gas a tankin da ba nasa ba. Farashin da mai tanki ya yanka, shi za ka biya, ko da na maƙwabci ya fi sauƙi. Wasu ma har tara suke ci idan gas ɗin da ka saya a shekara bai kai adadin yarjejeniya ba.

Wanda ya sayi nasa tankin kuwa ya kashe kuɗi mai kauri tun farko, kuma tsatsa ko yoyo matsalarsa ce. Amma da bazara, lokacin da farashi kan sauka, sai ya buga wa dillalai uku waya, ya yi ciniki, ya cika tanki kafin hunturu.

Ni dai, in zaman shekara biyu ne, haya zan yi. Gidan da zan tsufa a ciki, saye zan yi.