Kwilt na Amurkawa ko kantha ta Bengal: wanne ya dace da ƙyallayen da kika tara?

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Na ga tambayarki tun shekaranjiya, hidimar biki ce ta hana ni zama. Kin ce kina da buhu guda na ƙyallayen atamfa, wasu ragowar ankonki ne, wasu telar unguwarku ce ta tara miki, sannan ga tsofaffin zannuwa bakwai na mahaifiyarki, Allah ya jiƙanta da rahama. Kin ga ɗinki iri biyu a YouTube, kwilt na Amurkawa da kantha ta mutanen Bengal, kina tambayar wanne za ki kama ki yi abin rufa. Na taɓa duka biyun, kuma na yi ɓarna a duka biyun, don haka ga abin da na gani.

Kayanki ma sun riga sun raba gardamar. Buhun ƙyallayen na kwilt ne, zannuwan Mama na kantha ne. Abin da nake roƙonki shi ne kada ki gwamutsa su cikin abu ɗaya. Na taɓa yanka tsohon zanina na jera shi da sabbin ƙyallaye, ina ta murna launukan sun hau. Wanki na huɗu ko na biyar, duk inda tsohon ya haɗu da sabo sai ya yage a bakin ɗinki, saboda sabon yana da ƙarfi, shi kuwa tsohon zarensa ya riga ya gaji. Aikin wata biyu ya koma shimfiɗar guga.

Dalilin wannan rabo yana cikin yadda kowanne ya samo asali. Kwilt hawa uku ne: fuska, wadda aka harhaɗa da ƙananan ƙyallaye, tsakiya, inda ake sa shimfiɗaɗɗiyar auduga, sai shafi a baya. Duk ƙwarewar tana kan fuskar, wato yanka da jeri da haɗin launi. Kantha kuwa ba ruwanta da yanka. A Bangaladash da jihar Bengal ta Yamma a Indiya, mata kan ɗauki tsofaffin sari na auduga da zannuwan maza da suka sha wanki har suka yi laushi, su ɗora uku ko biyar ko fiye a kan juna, su bi su da allura layi bayan layi har su zama abu ɗaya. A da ko zare ba sa saye, daga bakin tsohon sarin suke zare shi mai launi. Wato su zanen da ya kusa mutuwa suke wa dabara, kowane hawa yana rufa wa ɗan uwansa asiri. Inda wannan ya siɗe, na ƙasansa yana da sauran ƙarfi.

Amurkawan ma ba kullum da sabon yadi suke yi ba. A shekarun 1930, lokacin da talauci ya kama ƙasar, buhunan fulawa da na abincin kaji na auduga ne, har kamfanoni suka riƙa buga musu fure saboda sun san mata na ɗinka riguna da barguna da su. Akwai kuma wani ƙauyen baƙar fata a jihar Alabama, Gee's Bend, inda mata suka daɗe suna haɗa barguna da tsofaffin wandunan aikin gona na mazajensu, ba ma'auni ba tsari sai ido. A 2002 aka baje aikinsu a gidan adana kayan fasaha na Houston, daga nan aka kai New York, a 2006 kuma hukumar gidan waya ta Amurka ta buga hotunan bargunansu a kan tambarin wasiƙa. Amma ki lura, galibi mai kauri suke haɗawa da mai kauri irinsa. Kwilt ɗin da kike gani yau a bidiyo, mai kusurwoyi tsaf-tsaf kamar an buga da inji, wannan na sabon yadi ne da aka saya musamman don a yanka.

Nan ne maganar tara ƙyalle ta shigo, kuma nan ne bambancin ya fi ba ni dariya. Ba'amurkiya mai wannan sha'awa takan je shago ta sayi yanki mai inci 18 da inci 22, ko damin ƙyallaye da aka riga aka yanka inci biyar-biyar, ta jera a kanta kamar littattafai, wasu su shekara goma ba ta taɓa su ba. Mu kuwa wace ce ba ta da turamen lefe a ƙasan akwati da take jin tausayin kai wa tela? Bambancin dai mu ƙyalle kyauta yake zuwa mana. Turmi yadi shida ne, in aka fitar da riga da siket da ɗankwali, da wuya a rasa ragowa, kuma teloli da yawa sharewa suke yi su zubar, musamman ana gobe Sallah. Matsalarmu ba ƙarancin ƙyalle ba ce, rashin tantancewa ne. Buhun tela ya ƙunshi komai: Holan, Super, mai roba, guntun shadda, leshi, shafi mai santsi.

Don haka kafin ki taɓa almakashi, ki zazzage buhun a tabarma ki ware. Leshi da shafi da duk wani mai santsi ko mai talewa, gefe guda, ba su da aiki a nan. Shadda ita kaɗai take tafiya, ki tara ta daban. In kina shakkar wani ƙyalle, ki yanki ɗan siriri ki kusanta shi da ashana: auduga tana cin wuta ta bar toka mai laushi da ƙaurin takarda, mai roba kuwa narkewa yake ya dunƙule kamar ƙwallon leda. Mai robar ba haramun ba ne, amma ba ya jure dutsen guga mai zafi, kuma kwilt rabinsa guga ne. Bayan haka ki jiƙa kowane launi daban a ruwan ɗumi, ki jefa farin ƙyalle ciki. In farin ya rine, wannan atamfar tana zuba, ki ci gaba da ɗauraye ta har ruwan ya fita fes, ko ki haƙura da ita. Ja da shuɗi mai duhu su suka fi cin amana. Wankin yana kuma cire sitaci, ya sa yadin ya gama tsukewarsa tun kafin a ɗinka. Zannuwan Mama ba sa bukatar ko ɗaya daga cikin wannan wahala, shekaru sun riga sun yi musu.

Wajen kayan aiki, kantha ba ta da tsada ko kaɗan: allura doguwa mai ƙarfi, zare mai ɗan kauri irin na ɗinkin hula, alli, da fili a ƙasa inda za ki shimfiɗa. Kwilt yana son keke, dutsen guga a kusa, tef, da abin yanka mai kaifi. Wuƙar nan mai taya da kike gani suna gungurawa a kan yadi, kamfanin Olfa na Japan ne ya fito da ita a 1979, kuma ita ta mayar da yankan kwana uku aikin yamma ɗaya. In ba ki da ita, ki yanki kwali mai tauri daidai girman da kike so, ki riƙa zagaye shi da alli. Keken Butterfly da kika ce kina da shi ya isa haɗa fuska, tunda miƙaƙƙen ɗinki kawai ake bukata.

Inda kwilt yake kayar da sabon shiga shi ne awo. Ƙa'idarsu, kowane ɗinki yana cin kwatan inci daga baki, ba ƙari ba ragi. Ƙyalle mai inci biyar zai koma huɗu da rabi bayan an ɗinke shi ta kowane gefe. Abin rufa na mutum ɗaya, ki ce jeri 13 a faɗi da 18 a tsawo, ƙyalle 234 ke nan, ya ba ki kusan inci 58 da inci 81. To a jerin 13 akwai ɗinki 12. In kowane ɗinki ya kauce da rabin kwatan inci kawai, kafin ki kai ƙarshen layi kin yi asarar inci uku, tunda kowane ɗinki ƙyalle biyu yake ci, layi na gaba kuma ba zai hau kansa ba. Daga nan sai ja da talewa, sai bargo ya yi tumbi a tsakiya. Dabarar da ta cece ni ita ce manna salatif a jikin keke daidai kwatan inci daga allura, in riƙa bin bakinsa. Kantha ba ta san wannan tashin hankali ba. Layi ya ɗan karkace, na kusa da shi ya bi shi, a ƙarshe duk fuskar ta yi 'yan ƙananan tudu da kwari kamar yashin da ruwa ya bi, kuma wannan shi ne kyanta.

Sai dai kada sauƙin ya ruɗe ki, kantha da lokaci ake biyan ta. Zani yadi biyu ne a tsawo, faɗinsa wajen inci 45. In kika bar rabin inci tsakanin layi da layi, layi 90 ke nan, kowanne yadi biyu: yadi 180 na ɗinkin hannu a kan abin rufa ɗan ƙarami. Sunan ma ya dace da Hausa, domin sai yatsanki ya yi kanta. Kuma atamfa ta fi sari tauri nesa ba kusa ba. Sari na auduga shara-shara ne, shi ya sa suke iya jera biyar. Ke kada ki wuce uku: zani sama, zani ƙasa, a tsakiya ki sa wanda ya fi kowanne siɗewa ko tsohon zanen gado mai laushi. Ki fara kama su da manyan ɗinki na wucin gadi daga tsakiya zuwa baki don kada su zame. Wadda ta saba ɗinkin hula za ta ga wannan wasa ne, ana yi ana hira, ko wuta ta zo ko ba ta zo ba.

Ta fuskar yanayinmu, ni kantha nake zaɓa ba tare da dogon tunani ba. Kwilt an yi shi ne don ƙasar da ƙanƙara ke zuba. In kika cusa masa faiba irin ta masu ɗinkin duvet, zai yi miki amfani daga Disamba zuwa farkon Fabrairu, sauran shekara yana saman wardrob yana shan ƙura, ga wuyar wanki da hannu, ga jinkirin bushewa. Kantha mai hawa uku tana shiga bokiti, ta bushe kafin la'asar, ta yi sanyin asubar damina, ta yi shimfiɗar jariri. In kwilt ɗin kike so duk da haka, ki bar faiba, ki sa siririn bargon auduga a tsakiya ko ki yi shi hawa biyu kawai. Ki kuma sani ƙaramin keke yana jan hawan ƙasa ya bar na sama, sai shafi ya tattare. Mafita mai sauƙi ita ce ɗaure hawan da ƙulli na zare mai kauri duk bayan inci huɗu, Amurkawan ma suna yin haka. Ɗinke auduga tsakanin yadi biyu dai ba baƙon abu ba ne a wurinmu, shi ne lifidin da ake sa wa dawaki a hawan Sallah, wanda tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji ne ya fara kawo shi. Aikin maza ne na yaƙi, bai shigo ɗakin mata ya zama abin rufa ba.

Wani abu game da atamfa da bidiyon ba za su gaya miki ba: yadin kwilt na Amurka furensa ƙanana ne, an zana shi don a yanka. Zanen atamfa manya ne, wani fure ɗaya ya kai faɗin faranti. In kika yanka shi inci biyu-biyu, zanen ya ɓace, sai hayaniyar launi. Ki yanka manya, inci shida zuwa takwas in ƙyallen ya ba da dama, ki kuma raba su da yadi mai launi ɗaya, baƙi ko ruwan ƙasa ko shuɗin baba, don ido ya sami wurin hutawa. Wannan ma wani dalili ne na barin zannuwan Mama a yadda suke. Zanen da kika saba ganinsa a jikinta, in aka daddatsa shi ba za ki gane shi ba.

In kuma ƙyallayen buhun sun yi ƙanana ko ba su da siffa, akwai hanya ta uku da ke tsakanin biyun. Mutanen Siddi na jihar Karnataka a Indiya, waɗanda kakanninsu daga Afirka suka fito, suna yin wani bargo da suke kira kawandi. Tsohon sari suke shimfiɗawa, su fara daga baki, su ɗora ƙyalle su kalmashe gefensa su bi da allura, su ɗora na gaba a kansa, suna zagayawa har su ƙare a tsakiya. Babu awo, babu keke, kowane guntu yana samun wuri. Zanen gado mai sauran ƙarfi zai maye gurbin sarin.

Da ni ce ke, da zannuwa uku cikin bakwai zan fara, in dai an riga an raba gado sun faɗo a rabonki. In ba a raba ba, ki nemi yardar 'yan uwa tukuna, kada allura ta jawo magana. Ki ɗaga kowanne a rana ki duba inda haske ke ratsawa, wanda ya fi siɗewa shi ne na tsakiya. Sauran huɗun ki ninke su da kafur a cikin tsohuwar rigar filo, ba a leda ba, saboda laimar damina. Buhun kuwa ki fara gwada hannunki da ƙyalle tara, uku sau uku, ki yi rigar filo guda, ki turo mana hotonta ta baya inda ɗinkin yake, daga nan zan gane ko kwatan incinki ya zauna.