Access da Base: Abin da Ya Sa Rajistarka Ta Ƙi Gyaruwa

Malam, ka ce ka bar Microsoft Access ka koma LibreOffice Base, rajistar ɗalibanka tana buɗewa, sunaye duk suna nan, amma ko harafi ɗaya ya ƙi gyaruwa, balle ka ƙara sabon ɗalibi. Kwantar da hankalinka, yawanci bayanan ba su lalace ba. Manhajojin biyu ne kowace da ƙa'idarta.

Fara duba babban mabuɗi, wato ginshiƙin da ke ba kowane layi lambar da babu mai irinta. Access tana da sassauci, ko tebur ba shi da mabuɗi za ta bar ka ka rubuta ka goge. Base kuwa ba ta yarda, tebur marar mabuɗi sai dai kallo. Ni a nan ina bayan Base. A makarantunmu ba abin mamaki ba ne ka tarar da yara uku a aji guda, sunansu ɗaya, sunan mahaifi ɗaya. In babu lamba, wanne aka gyara wa maki? Hanya mafi sauƙi ita ce ka kwafi teburin ka liƙa shi a matsayin sabo. Akwatin da zai fito yana da wurin ƙirƙirar sabon ginshiƙi ya zama mabuɗi, sai ka zaɓe shi. Bayan nan ka sa lambar ta riƙa ƙaruwa da kanta, abin da Access ke kira AutoNumber, Base kuma AutoValue.

In mabuɗi yana nan, to sai a tambayi inda bayanan suke zaune. Access tana tara komai a fayil guda: .mdb a da, .accdb daga fitowar 2007. Fayil ɗin Base, wato .odb, iri biyu ne. Wani yana ɗauke da bayanan a cikinsa ta injin adana bayanai mai suna HSQLDB ko Firebird, wani kuma ƙofa ce kawai zuwa bayanan da ke wani wuri. Idan takardar Excel ko Calc (takwarar Excel a LibreOffice) ko fayil ɗin CSV (tebur da aka adana a matsayin rubutu zalla) ka jona, Base karantawa kawai take yi, duk abin da ka danna ba zai canza hakan ba. Kada ka ga laifinta ita kaɗai, Access ta yanzu ma ba ta barin a gyara takardar Excel da aka jona mata.

Idan kuma tsohon fayil ɗinka na Access ka jona kai tsaye, a Windows sai da direban Microsoft, wato manhajar da ke haɗa su, mai suna Access Database Engine, kuma dole ya dace da LibreOffice ɗinka, in LibreOffice ɗinka mai bit 32 ne direban ma mai 32, in mai 64 ne mai 64. Masu Linux sukan bi ta wani direba mai suna UCanAccess. Ko an dace, fom-fom da rahotanni da umarnin VBA (yaren da ake rubuta wa Access umarni da shi) ba sa ƙetarowa, sai ka sake gina su.

Sauran ƙanana ne. Tambaya, wato query mai zaƙulo bayanai daga tebur, in ta haɗo tebur biyu ba ta gyaruwa a Base sai mabuɗin kowanne yana ciki. Wadda ta tara jimla kuwa ba ta gyaruwa a Access da Base duka. Kowane fom yana da saitin yarda da ƙari da gyara da gogewa, ka tabbata ba a kashe su ba. Kada kuma ka buɗe fayil daga cikin imel, fara adana shi a kwamfuta.

Tunda kai kaɗai ne kake riƙe da rajistar a kwamfuta ɗaya, shawarata ka daina jone-jone. Buɗe sabon fayil na Base, ka kwaso teburan ciki da mabuɗansu, ka sa manhajar Java domin HSQLDB ba ya tashi sai da ita. Sai dai ka kula da wuta. Bayanan da ke cikin .odb a dunƙule suke, in aka ɗauke wuta ana tsakiyar adanawa fayil ɗin gaba ɗaya yana iya lalacewa. Kullum in ka tashi aiki, rufe Base tukuna, sannan ka kwafi fayil ɗin zuwa filas da kwanan wata a sunansa. Tsohon na Access kuma ka bar shi yadda yake har zangon nan ya ƙare.